Tagulla: Abin Da Duwatsun Tagwai Suka Ƙunsa Da Abin Da Ba Su Ƙunsa Ba

MINNA: A watan Mayu na shekarar 2024 ne farashin tan ɗaya na tagulla ya haura dala 11,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, abin da ba a taɓa gani ba kafin wannan lokaci. Duk wanda ya tuna cewa a farkon 1999 da ƙyar ake sayar da tan ɗaya a kan dala 1,400 zai fahimci dalilin da ya sa maganar wannan ƙarfe, wanda wasu ke kira jan ƙarfe ko jan gaci, ta shiga bakin 'yan kasuwa har a garuruwan da ba su taɓa ganin mahaƙarsa ba. Buƙatarsa sai ƙaruwa take yi, domin kuwa babu tiransifoma ko injin ba da wuta ko wayar gida da za ta yi aiki ba tare da shi ba, motar lantarki kuwa tana cin ninki biyu zuwa huɗu na abin da motar fetur ke ci.

A Jihar Neja wannan magana tana da nauyi na musamman. Jihar ce ke ɗauke da tashoshin lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru, Jebba kuma tana bakin iyakarta, amma duk tagullar da ke cikin injunansu da jirgin ruwa ta zo. Kamfanonin yin wayar lantarki irin su Nocaco na Kaduna da Cutix na Nnewi sun dogara ne ga tagullar da ba a haƙo ta a ƙasar nan ba. Ga kuma ɓarayin tiransifoma da ke jefa unguwanni cikin duhu saboda 'yan kilo kaɗan da za su kai wa 'yan jari-bola. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai dukiya a Minna ya dubi duwatsun da suka kewaye madatsar ruwa ta Tagwai, ya ga jama'a na wankin zinariya a gefen rafuka, ya tambayi kansa ko akwai tagulla mai yawa a ƙarƙashin wannan ƙasa. Sau da yawa abin da ke ƙara masa ƙaimi shi ne wani koren dutse da dillali ya kawo a aljihu, tare da takardar gwaji da ke nuna maki mai tsoka.

Amsar tambayar tana cikin sanin yadda manyan ma'adanan tagulla na duniya suka samu. Kimanin kashi 60 cikin 100 na tagullar da ake haƙowa a duniya, wadda jimlarta ta kai tan miliyan 22 zuwa 23 a shekara, tana fitowa ne daga nau'i ɗaya na ma'adini da masana ke kira fofiri. Daga cikinsa ne kuma ake samun kusan rabin ƙarfen molibdenam da ake ƙara wa baƙin ƙarfe ƙwari da shi, da wajen kashi ɗaya cikin biyar na zinariyar duniya.

Kalmar fofiri asalinta daga harshen Girkanci take, tana nufin launin shunayya, domin sunan wani dutse ne da sarakunan Rum ke sa a sassaƙo musu daga Jabal Dukhan a hamadar gabashin Masar. Daga baya masana suka mayar da ita sunan duk wani dutse mai manyan ƙwayoyi jefi-jefi a cikin ƙananan ƙwayoyi, tamkar gyaɗa a cikin alewa. A nan ne tarko na farko yake ga ɗan kasuwa. Rahotannin binciken ƙasa na yankin Minna cike suke da ambaton giranait mai siffar fofiri, kuma gaskiya ne, duk wanda ya duba tsakuwar da ake fasawa a wuraren fasa dutse na kewayen garin zai ga manyan ƙwayoyi farare ko masu ruwan hoda a cikinta. To, amma wannan siffar dutse ce kawai, ba shaidar tagulla ba ce. Dutse mai irin wannan siffa ya cika duniya, wanda ke ɗauke da tagullar da ta isa a haƙa kuwa bai taka kara ya karya ba.

Yadda ma'adinin ke samuwa

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, fale-fale ne da ke motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. A inda falen ƙarƙashin teku ke nutsewa a ƙarƙashin na nahiya, kamar yadda ake samu a gaɓar yammacin Amurka ta Kudu, yakan tafi da ruwa da gishiri da farar wuta zuwa zurfin kilomita 100 ko fiye. Wannan ruwa ne ke sa dutsen da ke samansa ya narke. Narkakken dutsen ya taso, ya taru a wata babbar ma'ajiya mai zurfin kilomita 5 zuwa 15, daga nan kuma wasu 'yan yatsu nasa su kutsa sama har su tsaya a kilomita 1 zuwa 6 daga doron ƙasa, galibi a ƙarƙashin dutse mai aman wuta. Wani masani ɗan Ingila mai suna Richard Sillitoe ne ya fito da dangantakar da ke tsakanin nutsewar fale da wannan ma'adini a 1972, kuma taswirar duniya ta gaskata shi: Cile da Peru da Meziko da yammacin Amurka da Kanada, sai Filifin da Indunisiya da Papua New Guinea, sannan wani zirin da ya taso daga gabashin Turai ya ratsa Turkiyya da Iran da Pakistan.

Ba kowane narkakken dutse ne ke haifar da ma'adini ba. Sai ya kasance yana da ruwa mai yawa a narke a cikinsa, kashi 4 cikin 100 ko fiye, sannan yana da wadatar iskar oksijin. Dalili kuwa shi ne tagulla na da tsananin son farar wuta. Idan oksijin ya yi ƙaranci, farar wutar takan dunƙule tun a can ƙasa ta riƙe tagullar, shi ke nan an yi asararta. Idan kuwa oksijin ya wadata, farar wutar ba ta samun damar kama ta, sai tagullar ta ci gaba da tafiya sama tare da narkakken dutsen.

Yayin da dutsen ya fara hucewa yana daskarewa, ruwan da ke cikinsa ba shi da wurin zama, sai ya ware ya taru a ƙarƙashin ɓawon da ya riga ya sandare, kamar tururi a tukunyar da aka toshe bakinta. Zafinsa yakan kai digiri 600 zuwa 700, wani sashe nasa kuma gishirinsa ya kai kashi 40 zuwa 60 cikin 100, alhali na ruwan teku bai wuce uku da rabi ba. Sinadarin kulorin da ke cikin gishirin shi ne ke goya tagullar. Idan matsin ya yi yawa sai ɓawon ya tsage, ruwan ya kutsa cikin dubban tsage-tsage, ya bar farin dutse da ƙarfe a cikinsu, su toshe, matsi ya sake taruwa, a sake fashewa. Haka za a yi ta yi na dubban shekaru har dutsen ya koma kamar saƙar gizo-gizo, da jijiyoyin da yawancinsu ba su kai kaurin ɗan yatsa ba.

Muhimmin abin yana faruwa ne lokacin da zafin ya sauko tsakanin digiri 425 da 320. A nan ne iskar farar wuta da ke cikin ruwan take haɗuwa da shi ruwan, ta rabu gida biyu. Gida ɗaya shi ne iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kama tagulla da baƙin ƙarfe ta zubar da su a matsayin ma'adini. Ɗaya gidan kuwa asid ne irin na ruwan batir, wanda ke cin dutsen da ke kewaye yana sauya masa kama. Ma'adinin da ya fi yawa shi ne kalkofairait, mai launin rawaya da ƙyalli, wanda kusan kashi 35 cikin 100 na nauyinsa tagulla ce. Sai bonait, mai ɗaukar launin shuɗi da shunayya idan ya sha iska, wanda ke da kashi 63, kuma shi ne ya fi tafiya da zinariya. Akwai kuma fairait, wanda baƙin ƙarfe ne da farar wuta kawai, ba tagulla ko kaɗan a cikinsa, amma ƙyallinsa ya sha ruɗin mutane.

Sauyin kamar da dutsen ke yi yana da tsari, kamar ɓawon albasa. A 1970 wasu Amurkawa biyu, David Lowell da John Guilbert, suka bayyana wannan tsari bayan nazarin da aka yi a San Manuel da Kalamazoo ta jihar Arizona. A tsakiya akwai sashe mai yawan sinadarin fotasiyam, ja-ja ko baƙi-baƙi, inda mafi yawan tagullar take. A kewayensa akwai sashe fari fat da asid ya wanke, cike da fairait. Can waje kuma sai wani sashe mai kore-kore da kan miƙa kilomita da dama, wanda ba shi da abin haƙa, sai dai yana gaya wa mai bincike cewa ya kusa. Amfanin wannan ga mai zuba jari a bayyane yake: ma'adinin fofiri ba ya ɓuya a rami ɗaya, alamominsa kan mamaye fili mai faɗin kilomita biyu zuwa goma. Shi Lowell ɗin ne ya yi amfani da wannan ilmi ya jagoranci binciken da ya gano Escondida a hamadar Atacama ta Cile a 1981. An fara haƙa a 1990, yau kuma ita ce mahaƙar tagulla mafi girma a duniya, tana fitar da fiye da tan miliyan ɗaya a yawancin shekaru.

Akwai mataki na ƙarshe da ruwan sama ke yi, wanda shi ne ya azurta Cile. Idan zaizaya ta kawo ma'adinin kusa da sarari, ruwa da iska sukan ruɓar da fairait, asid ya fito, ya narkar da tagullar saman ya gangara da ita ƙasa. Da ta isa inda ruwan ƙasa ke kwance, sai ta sake zama a matsayin kalkosait, mai kashi 80 cikin 100 na tagulla. Ta haka dutse mai rabin kashi ɗaya yakan koma mai kashi biyu ko uku. A sama kuma a bar jan dutse marar komai, sai ɗan koren malakait nan da can. Wannan kore shi ne tarko na biyu, domin ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya rina dutse mai yawa, kamar yadda ɗan shuni ke rina ruwan karofi.

Lissafin da ke raba gardama

Matsakaicin ma'adinin fofiri bai wuce kashi 0.3 zuwa 1 cikin 100 na tagulla ba. A ɗauki rabin kashi ɗaya: tan guda na dutse yana ɗauke da kilo 5. Idan tan na tagulla yana dala 10,000, wato kilo dala 10, darajar tan na dutsen dala 50 ce, kuma ba duka ake iya cirewa ba, sai wajen kashi 85 zuwa 90. Daga cikin abin da ya rage ne za a biya kuɗin fasa dutse da ɗauka da niƙa da wuta da ruwa da dako da narkarwa da haraji, ban da kwashe dutsen banza da ke rufe da shi, wanda sau da yawa ya ninka ma'adinin biyu ko uku.

A kwatanta da zinariya. A farashin 2024, giram ɗaya na zinariya daidai yake da wajen kilo 8 na tagulla. Kafin a sami kilo 8 daga irin wancan dutse sai an niƙa tan ɗaya da kilo 600, wato buhu 32 masu kilo hamsin-hamsin. Wannan ne ya sa mai diga da shebur da kwanon wanki zai iya cin abinci da zinariya, amma ba zai taɓa ci da fofiri ba, ko da a bayan ɗakinsa yake.

Wanda ya fara gane cewa riba na cikin yawa shi ne Daniel Jackling, injiniyan da ya ce za a iya cin ribar dutse mai kashi 2 cikin 100 a Bingham ta jihar Utah, a lokacin da ake ganin irinsa shara ne. An fara kwasa da manyan injunan tururi a 1906, kuma har yanzu ana haƙa a ramin, wanda faɗinsa ya kai kilomita 4, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya. Babbar mahaƙa ta zamani takan niƙa tan 100,000 ko fiye a kowace rana, ta mayar da dutsen gari, ta zuba shi a ruwa da wasu magunguna, a hura iska, ƙwayoyin ma'adinin su manne wa kumfa su taso a kwashe. Abin da ake samu gari ne mai kashi 25 zuwa 30 na tagulla, shi ake sayar wa masu narkarwa, waɗanda kusan rabin aikinsu a duniya yanzu a ƙasar Sin ake yi. Nan ma sinadari na da ta cewa a ciniki: zinariya da azurfa da ke cikin garin ana biyan kuɗinsu, gubar asanik kuwa tara ake ci a kanta, Sin ma ba ta yarda a shigo mata da garin da asanik ɗinsa ya wuce rabin kashi ɗaya ba.

Jarin kuwa sai dai a yi shiru. Mahaƙar Quellaveco ta Peru, wadda ta fara aiki a 2022, ta ci dala miliyan dubu 5 da rabi. Cobre Panama ta ci kusan miliyan dubu 10, amma a ƙarshen 2023 kotun ƙoli ta ƙasar ta soke yarjejeniyarta bayan zanga-zangar jama'a, aka dakatar da aiki. Daga gano ma'adini zuwa fitar da tan na farko kuma, a matsakaici, akan ɗauki fiye da shekara 15.

Ƙasar Minna

Duwatsun da Tagwai da Bosso da Paiko ke zaune a kai na cikin tsofaffin duwatsun gindin Nijeriya. Giranait ɗin yankin ya samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohuwar doron Afirka ta Yamma ta yi karo da yankin da ke gabas da ita, aka sami tsaunuka masu tsayi daga Hoggar ta Aljeriya har zuwa gaɓar teku. Ba shakka kafin karon an yi nutsewar fale, akwai kuma duwatsu masu aman wuta, wato sharuɗɗan farko sun samu. Matsalar ita ce zaizaya. Giranait mai manyan ƙwayoyi irin na Minna a can ƙasa sosai ya huce a hankali, kuma ganinsa a sarari yau na nufin kilomitoci masu yawa na dutsen da ke samansa sun riga sun zaizaye sun tafi. Shi kuwa fofiri a kilomita shidan farko yake zama. Ke nan abin da mutanen Minna ke takawa saiwar tsaunin ce, rassan da kan ɗauki 'ya'ya an daɗe da share su. Wannan ne ma dalilin da ya sa mafi yawan ma'adanan fofiri na duniya ba su kai shekara miliyan 200 ba, na Cile da yawa ba su wuce miliyan 40 ba, Grasberg ta Indunisiya kuwa wajen miliyan 3 kacal. Har yau babu mahaƙar fofiri ko ɗaya da ke aiki a Nijeriya.

Tsufa dai ba ya hana samuwa gaba ɗaya. A Gaoua ta kudu maso yammacin Burkina Faso akwai fofiri mai tagulla da zinariya da ya haura shekara miliyan dubu 2, wanda haƙar gwaji ta nuna ya kai wajen tan miliyan 300 na dutse, da makin da bai kai rabin kashi ɗaya ba. A Kourki ta yankin Liptako, a yammacin Jamhuriyar Nijar, an daɗe da sanin wani mai tagulla da molibdenam. Dukansu biyu suna cikin duwatsun da ba su zaizaye da zurfi kamar na Minna ba, kuma duk da haka babu wanda aka buɗe a cikinsu. Darasin da ke nan ga mai kuɗi shi ne samun ma'adini daban, samun mahaƙa mai riba daban. Ita ma tagullar Zambiya da Kongo, wadda ake yawan kafa misali da ita, ba fofiri ba ce, a cikin shimfiɗaɗɗun duwatsun laka da yashi take, kuma makinta ya ninka na Cile sau da yawa.

Abin da ƙasar Neja ta tabbatar tana da shi shi ne zinariya. Tana cikin jijiyoyin farin dutse da suka bi manyan tsagogin ƙasa a zirin Zungeru zuwa Birnin Gwari da na Kushaka, waɗanda masanan hukumar binciken ƙasa Truswell da Cope suka zana taswirar wani sashensu a 1963. An fara haƙar zinariya a hukumance a Nijeriya a 1913, ta kai ganiyarta a shekarun 1930, kuma lardin Neja na cikin wuraren da aka fi yi kafin yaƙin duniya na biyu ya durƙusar da ita. A cikin waɗannan jijiyoyi akan sami fairait da ɗan kalkofairait da kuma ma'adinin dalma. Daga nan ne yawancin koren dutse ko mai ƙyallin rawaya da ake yawo da shi ke fitowa. Idan aka tsince mafi kyau aka kai ɗakin gwaji zai iya nuna kashi 10 ko 20, kuma ɗakin gwajin bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ya auna. Sai dai jijiya mai faɗin kamu ɗaya ko biyu abin da za ta bayar shi ne 'yan buhuna ko 'yan motoci. Ana irin wannan ciniki na tsintaccen dutse a wasu jihohin Arewa, yana kuma iya kawo riba ga wanda ya san shi, amma ciniki ne na ɗan lokaci, bai kamata a saye shi da farashin mahaƙa ba.

Haka abin yake tun a tarihi. Tagullar da ƙasar Hausa ta sani daga arewa take zuwa. A 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takedda, wadda masana ke dangantawa da kufan Azelik a yammacin Agadas, ya tarar ana narka tagulla ana yin sanduna da ita, masu kauri 400 a bakin miskali ɗaya na zinariya, sirara kuma 600 zuwa 700, ana cefane da su, ana kuma kai su Gobir da Barno. Tagullar Azelik 'yan ƙwayoyi ne a cikin shimfiɗaɗɗen dutse, ta ishi kasuwar ayari, ba za ta ishi masana'antar zamani ba. Maƙeran Bida kuwa, da suka yi suna wajen tasoshi da butoci, tun da daɗewa da ƙarfen da aka shigo da shi da kuma tsofaffin kaya suke aiki.

Ruwan Minna

Ko da a ce gobe an wayi gari an gano fofiri a kusa da Tagwai, tambaya ta farko ba ta riba ba ce, ta ruwa ce. Madatsar, wadda aka kammala a 1978, ita ce ke ciyar da matatar ruwa ta Chanchaga da birnin Minna ya dogara a kanta. Injin niƙa na irin wannan mahaƙa na buƙatar ɗaruruwan litoci na sabon ruwa ga kowane tan na dutse, abin da ya tilasta wa Escondida tace ruwan teku da turo shi nisan fiye da kilomita 170 zuwa tudu mai tsayin mita 3,000. Bugu da ƙari, fiye da kashi 97 cikin 100 na abin da aka niƙa yakan koma taɓo, a tara shi a bayan wata madatsa har abada, kuma fairait ɗin da ke cikinsa yana ci gaba da fitar da asid muddin yana shan iska da ruwa. A yankin da ke samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. A Fabrairun 2025 irin wannan madatsa ta fashe a wata mahaƙa a Zambiya, asid ya malala cikin kogin Kafue, aka rufe ruwan famfo na birnin Kitwe.

Jihar Neja ma ta riga ta ɗanɗana ɗacin sinadarin dutse. A 2015 yara 28 suka rasu a Shikira da ƙauyukan kusa da ita a ƙaramar hukumar Rafi, saboda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, shekara biyar bayan irin wannan annoba ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. A Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro. Duk wani wanki da ake yi a rafukan da ke malala cikin Tagwai da Chanchaga, komai ƙanƙantarsa, lissafinsa na komawa kan mai shan ruwan famfo.

Ga wanda duk da haka yake son shiga harkar, hanyar a shimfiɗe take. Tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan ƙasa, don haka yardar mai gona ko ta hakimi, duk da ana buƙatarta, ba ta zama lasisi ba. A ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja ne ke ba da lasisin bincike, na fili da bai wuce murabba'in kilomita 200 ba, na shekara uku, ana iya sabuntawa sau biyu. Riƙe shi kuma sai da biyan kuɗin shekara-shekara, domin a Nuwamban 2023 ma'aikatar ma'adinai ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biya. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya na da bayanan awon da aka yi da jirgin sama tsakanin 2003 da 2010, wanda ya auna maganaɗisun duwatsu da yawan fotasiyam ɗinsu, abubuwa biyun da ke tona asirin tsakiyar fofiri idan yana nan. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna na da sashen ilmin duwatsu da malamansa suka daɗe suna nazarin wannan yanki.

Shaidar da bankuna da manyan kamfanoni ke karɓa guda ɗaya ce, wato sandunan dutse da aka zaro da injin huda ƙasa daga ramuka da yawa, aka tsaga kowanne biyu, aka auna rabi a ɗakin gwaji mai zaman kansa, aka ajiye rabi don mai son sake aunawa. An tsananta wannan ƙa'ida ne bayan badaƙalar kamfanin Bre-X na Kanada a 1997, wanda ya ce ya gano zinariya mafi yawa a duniya a Busang ta Indunisiya, darajar hannun jarinsa ta kai dalar Kanada miliyan dubu 6, daga baya aka gano barbaɗa garin zinariya ake yi a kan samfurin kafin a kai shi awo. A cikin waɗanda suka yi asara har da asusun fansho na malaman makaranta na lardin Ontario.